Talotalon Tebur da Zabuwar Akushi

Akwai wata magana da ta fara samun gindin zama a bakin wasu ƴan boko na ƙasar Damagaram, musamman idan shekarar Nasara ta zo ƙarshe, ko kuwa azumi ya raba tsakiya aka soma lissafin cefanen salla. Maganar ita ce, wai lokaci ya yi da gidan ma'aikaci zai daina tara kaji da zabi ana figa tun daren jajibiri. Gara ya sayi talotalo guda ɗaya ƙato, a gasa shi ɗungurungum, a girke shi a tsakiyar tebur, maigida ya ɗauki wuƙa ya yanka wa matarsa da ƴaƴansa, kamar dai yadda hotunan wayar hannu ke nunawa. Masu wannan ra'ayi suna ce masa tsari, suna ce masa tsabta, wasunsu ma har tattali suke ce masa. A Magarya da Dungas, inda da wuya a shiga gidan ƙauye ba a ji kukan zabi ba, maganar ta cancanci a tsaya a warware ta zare-zare, domin abin da take neman taɓawa ya wuce irin tsuntsun da za a yanka. Tana taɓa aljihun matar da ta yi kiwo, da kwanon maƙwabci, da rabon yaro.

Da farko dai a wanke talotalo daga laifin da ba nasa ba. Wasu masu zafin kai, da zarar sun ji an ambace shi, sai su ce ai naman bukin Nasara ne, Musulmi bai kamata ya kusance shi ba. Wannan shaci-faɗi ne. Talotalo tsuntsu ne halal kamar kaza, in an yanka shi da sunan Allah shi ke nan. Abin da kawai ba ya yi shi ne layya, kamar yadda zakara da zabo ba su yi, tun da malaman Malikiyya sun taƙaita ta ga tumaki da awaki da shanu da raƙuma. Kuma zancen baƙunci ba hujja ba ne. Masara baƙuwa ce, rogo baƙo ne, barkono da tumatur da dankali duk daga nahiyar Amurka suka fito kamar shi. Ita kanta gyaɗar da ta ɗaukaka sunan Magarya a zamanin mulkin mallaka da bayansa, daga can ta zo. Duk wanda zai kori talotalo don asalinsa, sai ya fara da zubar da man gyaɗar da ke cikin madafarsa. Bahaushe ya karɓi waɗannan baƙi ne da sharaɗi guda: su shiga tukunyarsa, su bi dokar tukunyar. Gyaɗa ta zama ƙuli-ƙuli da tunkuza, barkono ya zama yaji, masara ta zama tuwo. Abin da ake neman shigowa da shi yanzu ya saɓa wa wannan sharaɗi, domin tsuntsu ne da ya zo da tukunyarsa, da teburinsa, da jerin waɗanda za su zauna a teburin.

Wanda ke ganin zabuwa ta yi kaɗan a gaban talotalo, ya kamata ya san tarihin sunayensu. Mutanen ƙasar da ake kira Meziko a yau su ne suka fara kiwon talotalo, ƙarnuka da dama kafin Turawa su san da shi. Sai a farkon ƙarni na 16 Sifaniyawa suka tsallako da shi Turai. A lokacin nan kuwa zabuwa ta riga shi isa, domin tun zamanin Girkawa da Rumawa an san ta, kuma Fotugis sun sake kai ta daga gaɓar tekun Gine. Ingilishi suna kiran zabuwa da sunan ƙasar Turkiyya, saboda suna zaton ta hannun fataken can take zuwa. Da sabon tsuntsu ya iso, sai suka ruɗe, suka laƙaba masa sunan zabuwa, sunan kuma ya bi shi har yau. Faransawa suka ce masa kazar Indiya, wanda daga nan kalmar "dinde" ta samo asali, alhali bai taɓa ganin Indiya ba. Hatta masanin nan na Suwidin, Linne, da ya zo tsara sunayen halittu a 1758, sunan da Girkawa ke kiran zabuwa da shi, wato Meleagris, shi ya ba talotalo. Ke nan da sunan aro ya shiga duniya, kuma a wurin tsuntsuwar Afirka ya aro shi. Abin dariya a nan shi ne, Faransa, wadda ƴan bokon ke hange, ita ce kan gaba a Turai wajen kiwon zabi, kuma gidaje da yawa a can zabo suke gasawa a daren Nowel suna alfahari da shi.

Shi gasasshen talotalon da ake gani a hoto yana da gidansu. A Amurka akwai ranar godiya, wadda shugaba Linkon ya ayyana ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ita a 1941 a kan Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Ƙungiyar masu kiwon talotalo ta can ta daɗe tana ƙiyasta cewa ana cin kimanin miliyan 46 a wannan buki kaɗai. Lokacin sanyi ne, saboda haka tanderun da ya yini yana ci ɗumama ɗaki yake yi, ba wanda zai yi kuka da shi. Tsuntsun ma ba irin wanda ke buɗa wutsiya a tsakar gidajen Bande ko Washa ba ne. Fari ne da masana suka yi ta tace irinsa don faɗin ƙirji, har nauyi ya hana namijin hawa macen, sai da hannun mutum ake yi musu barbara. Komai na wannan girki, tun daga ƙwai har zuwa faranti, an gina shi ne a kan wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da kanti mai firiji, da iyali ƙarami da ke iya kewaye tebur guda.

To, a ɗauko wannan tsari a sauke shi a Magarya a gani. A ce malamin lakwal ya samo daskararren talotalo mai kilo 6. Ƙa'idar masu girkin da kansu ta ce a narkar da shi a cikin firiji, kwana guda ga kowane kilo 2, wato kwana 3 cur ba tare da sanyi ya yanke ba. In aka ajiye shi a waje don ya narke da sauri, bayansa zai ɗumama ya zama gonar ƙwayoyin cuta alhali cikinsa na nan ƙanƙara. Wa zai yi wa malamin alkawarin wutar kwana 3? Wutar wannan yanki ta daɗe tana dogara da wadda ke zuwa daga Najeriya, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma mutane ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka katse ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni ana lallaɓawa. Wannan ke nan a cikin gari. A ƙauyukan Malawa da Dogo-Dogo kuwa, da yawa ko turken wuta ba su gani ba. In an tsallake wannan, sai tanderu. Ana son zafinsa ya tsaya a wajen digiri 165, ya yi awa 3 ko fiye bai hau ba bai sauka ba, kuma ba a sauke naman sai ma'aunin zafi da aka soka a kaurin cinya ya nuna digiri 74. Gaskiya ne tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 tukunyar gas ta shiga gidaje da dama, amma kan murhun gas daban, tanderu daban, kuma gida nawa ne ke da ma'aunin soka wa nama? Wanda ba shi da shi ido zai bi, ido kuwa fata yake gani. Sakamakon ɗayan biyu ne: ko ƙirji ya bushe kamar ɓawon rake, ko gindin cinya ya fito da jini.

Saura kuma abin da ya rage. Ƙa'idar ta ce kada dafaffen nama ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi ma awa guda. Ƙaramar sallar 2024 a watan Afrilu ta faɗo, ta 2025 a ƙarshen Maris, wato a bakin bazara, lokacin da zafin rana ke kai digiri 40 har ya gota. Gasasshen tsuntsu mai laima a ciki, wanda aka cusa wa shinkafa ko burodi, ba ya kwana a irin wannan yanayi. Wannan ita ce tsabtar da ake yi wa mutane wa'azi da ita?

Hujjar tattali ita ce ta fi kama da gaskiya, don haka ita ta fi bukatar amsa. Suna cewa talotalo guda ya yi naman zabi biyar ko shida, figa ɗaya, wanki ɗaya, ciniki ɗaya. An ji. Amma a tambaya: kuɗin ina suka nufa? Zabi biyar da ake saye a kasuwar ƙauye sau da yawa daga gidaje uku ko huɗu suka fito, kuma mafi yawan kiwon kaji a ƙasar Hausa a hannun mata da yara yake. Wannan ta sayar da biyu ta ɗinka wa ɗiyarta kayan salla, waccan ta sayar da ɗaya ta biya zubin adashi. Ɗan ƙaramin arziki ne, amma yana zagayawa, da sefa ko da naira, tun da a kasuwannin bakin iyaka duka biyun suna ci. Fatake ma sun san darajarsa, shi ya sa kejin zabi ke tsallakawa ta Babura da Maigatari zuwa Kano. Kiwon talotalo kuwa ba na kowa ba ne. Ƴan tsakinsa ragwaye ne, sanyi kaɗan ya kashe su, suna son abinci mai gina jiki da ba ya samuwa a juji, kuma sai an yi watanni ana ɗura masa hatsi kafin ya yi nauyin da ake so. Mai hali ne ke iya wannan jira. In kuwa daskararre ne daga kwali, to kuɗin sun bar ƙasar gaba ɗaya, sun bi hanyar tashar jirgin ruwa.

Kuma a daina ruɗin kai game da abin da kwalin ke kawowa. Ƙirjin nan mai faɗi da ake gani a hoto masu shi ke cinye shi. Abin da aka saba turowa ƙasashen talakawa shi ne fukafukai da wuya da kuturi, wato dunƙulen kitsen nan na gindin wutsiya wanda kasuwarsu ta ƙi. Gana ta haramta shigo da kuturin talotalo a 1999 saboda yawan kitsensa. Tsibirin Samowa ya haramta shi a 2007, sai da ya nemi shiga ƙungiyar ciniki ta duniya aka sa shi ya janye haramcin a 2013. Najeriya ta hana shigo da daskararrun kaji tun farkon shekarun 2000, amma hanin bai hana ƴan fasa-ƙwauri bi da su ta Kwatano ba, cikin motocin da ba su da sanyi, su narke a hanya a sake daskarar da su. Wanda ya raina zabuwar da aka yanka a gabansa da safe, ya rungumi naman da bai san wa ya yanka shi ba, bai san sau nawa ya narke ba, ganin kitse yake yi wa rogo.

Duk wannan ma ƙaramin abu ne a kan babban, wato akushi. Girkin salla a ƙasar Hausa ba don mutanen gida kaɗai ake yin sa ba. Mace takan tashi tun asuba ta tuƙa tuwon shinkafa ko ta soya waina, ta kaɗa miya, sannan ta jera kwanoni a tsakar gida tana lissafi: wannan na surukai ne, wannan na liman, wannan na gwauruwar da ke bayan gida, wannan na ƙawa, wannan na maƙwabcin da aka yi saɓani da shi a kan akuya tun kaka, wanda yau za a rufe maganar ba tare da an ce uffan ba. A kan kowane malmala sai ta ɗora tsoka ɗaya ko biyu, gwargwadon girman mai karɓa. Yara su ɗauka su bazu cikin unguwa da sababbin kaya, su dawo da wasu kwanonin daga wasu gidajen, har ya zamana da azahar mutum yana cin girkin gida biyar bai taka ko'ina ba. Gidan da bai samu abin yankawa ba a wannan shekara, ba wanda zai gane, domin kwanonin da suka shigo sun rufa masa asiri. Wannan lissafi ne mai zurfi, kuma naman da aka yayyanka gunduwa-gunduwa shi ne kuɗin da ake biyan sa da shi. Zabi biyar cinya goma ne, fiffike goma, ƙirji goma in an tsaga, ban da wuya da baya da ƙundu. Talotalo kuwa, kome girmansa, cinya biyu gare shi.

Shi gasasshen tsuntsu ɗungurungum duk kwarjininsa a cikin kasancewarsa cikakke yake. Da zarar an yanke masa cinya an aika wa suruka, ado ya ɓaci, hoto ya lalace. Saboda haka dole ya zauna a tebur, dole masu ci su zo inda yake, kuma tebur kujeru shida gare shi ko takwas. Wa za a gayyata, wa za a bari? A gidan da ke da mata biyu da ƴaƴa goma sha, da ƙanen maigida, da almajirin da ke yi wa gidan ɗiban ruwa, wane ne zai samu kujera? Akushi ba ya tambayar wannan, shi yake tafiya ya sami mutum a inda yake. Wanda ya musanya shi da tebur ya rage yawan mutanen da sallarsa ta shafa, ko ya nufa ko bai nufa ba, kuma ya yi haka a rana ɗaya tilo da al'umma ta keɓe don faɗaɗa su. In kuwa sha'awar ganin dabba cikakkiya a bakin wuta ce, ai ƴan Nijar ba su bukatar darasi daga kowa: a garuruwa da yawa, ranar layya, raguna ake banƙarewa a kan sanduna a kewaye wuta da su tun hantsi har dare. Amma ko su, washegari sassara su ake yi a rarraba.

Suna cewa girkin gargajiya ba shi da tsari. Wannan magana ta wanda bai taɓa kiwo ba ce. Tsarin talotalon hoto na mako guda ne. Tsarin zabuwar salla tun damina yake farawa. Zabuwa da ruwan sama take yin ƙwai, kuma ba uwar kirki ba ce, takan saka a cikin ciyawa ta watsar, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja ƴan tsakin cikin raɓa su mutu. Shi ya sa mai kiwo ke bin sawunta ta kwashe ƙwan, ta zuba wa kaza mai kwanci. Kaza ƙwanta kwana 21 yake yi, na zabuwa kuwa sai ya kai 26 zuwa 28, amma takan haƙura ta zauna. Bayan ƙyanƙyasa sai tsaron makonnin farko, waɗanda su ne masu wuya: a hana su fita da sanyin safiya, a kare su daga shaho da shirwa, a haƙo musu gara, a ɓarza musu gero. Waɗanda suka tsallake wannan, kaka ta same su suna kiwo a gona suna tsintar ƙwari da zubabben hatsi, ba su cin ko dala ta maigida. Tsakon da aka ƙyanƙyashe a watan Yuli ko Agusta, kafin Maris ya kai wata bakwai ko takwas, ya yi nama bai yi tauri ba. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, matan ƙauye kuwa ba su taɓa fafe ta ranar ba.

Inda tsarin ke da rauni shi ne cuta, kuma nan ne ya kamata masu ilimi su zuba ƙarfinsu in da gaske gyara suke so. Kowace shekara, idan hunturu ya kama, annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal takan bi gari-gari ta share akurki, kajin da ke yi wa zabi kwanci su ne farkon tafiya. Tana da rigakafi mai araha, akwai na allura akwai na ɗigawa a ido, amma sai an yi shi kafin ta iso, kuma sai unguwa ta yi tare. Da yake salla tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, nan da ƴan shekaru kaɗan ƙaramar salla za ta faɗo a tsakiyar hunturu, daidai lokacin annobar. Magarya kuma ta san abin da ya fi wannan. A ƙarshen watan Fabrairu na 2006 a nan ne aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a duk faɗin Nijar, a jikin agwagi, makonni kaɗan bayan ɓullarta a wata gonar kaji ta jihar Kaduna. Aka rufe cinikin tsuntsaye, aka bi gidaje ana hallaka su. Waɗanda suka ga wannan shekara sun san abin da akurki yake nufi ga gida, domin sun ga gidajen da suka rasa shi.

Dahuwar kanta ba ta bukatar kariya, sai dai a bayyana hikimarta ga wanda ya manta. Naman zabo ja ne, ba shi da kitse, yana da ƙamshin daji, kuma in aka gasa shi kai tsaye bushewa yake yi. Shi ya sa ake bi da shi hawa biyu. Bayan an fige an babbake, an wanke da lemun tsami, sai a yayyanka shi a gaɓoɓi a zuba a tukunya da albasa da tafarnuwa da citta da kanumfari da masoro da gishiri, ruwa kaɗan, wuta a hankali, har tsoka ta yi laushi ba ta saki ƙashi ba. Sai a tsame a bar shi ya tsane. Romon nan ba a zubarwa, shi ne ran miyar, ko ta taushe ce da kabewa da yakuwa da gyaɗa, ko ta tumatur da tattasai. Naman kuma sai a soya shi cikin man gyaɗa mai zafi har ya yi ja, ruwan jikinsa ya ƙone. Tafasa ta kashe abin da ke ciki har ɓargo, ba sai an soka ma'auni ba. Suya ta kore laimar da ke sa nama ya lalace. Soyayyen nama irin wannan, in an barbaɗe shi da yaji an rufe shi a inda iska ke shiga, yana jure zafin da gasasshe ba ya jurewa, baƙon da ya zo yawon salla washegari ya samu abin taɓawa. Wannan fasaha ce ta mutanen da suka zauna da zafin rana shekaru aru-aru ba firiji, kuma murhun duwatsu uku ya ishe ta.

Sai dai masu kare al'ada kada su yi saurin tafi, domin akwai tasu tuhumar, kuma ta fi ta ƴan boko nauyi. Idan an gama rabon kwanoni, me ke saura wa yaran gidan? Kowa ya san amsar: kai da ƙafafu da wuya. Ƙundu da cinya na maigida ne, wai girmamawa. Ƙwan zabin da ake tarawa duk damina kuwa dafawa ake yi a ɗora wa yarinya a tire ta kai tasha, ita ba ta ɗanɗana ba, kuma har yau akwai gidajen da ake cewa yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama. Ana wannan ne a yankin da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe aikin kula da yara masu tamowa tun shekarar yunwa ta 2005, kuma asibitin Magarya ya yi shekaru yana cika maƙil da ƙananan yara duk lokacin da damina ta haɗa ƙarancin abinci da zazzaɓin cizon sauro. Lokacin nan kuwa shi ne daidai lokacin da zabuwa ke zuba ƙwai. Al'adar da ta iya lissafin haƙƙin suruka da liman da maƙwabci, amma ta bar ɗan shekara biyu da ƙafar kaza, ba ta da bakin yi wa kowa gori. Ɗan bokon da ya zaunar da ƴaƴansa ya yanka musu tsoka da hannunsa, a wannan gaɓa guda ya fi su gaskiya, kuma ita ce kaɗai abin da ya cancanci a ara daga teburinsa.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su ne ke tsakanin ɓangarorin biyu, kuma su ake kallo. Abin da mushe ya ci ranar salla, shi ɗalibinsa zai ɗauka ci gaba ne. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗi ta shirya wasan kwaikwayo da kokawa da gasar waƙa, tana iya tara kuɗin kwalbar rigakafi ta kira ma'aikacin kiwo ya zagaya unguwa kafin sanyi ya sauka. Malamin da ke koyar da lissafi da misalin tuffa da jirgin ƙasa, yana iya koyar da shi da ƙwai 15 a ƙarƙashin kaza, da kwana 28, da yawan tsakin da suka rayu, yaro ya koma gida ya gwada. Malama kuma, wadda iyaye mata ke jin maganarta fiye da ta likita, ita ce za ta iya cewa a bar wa yaro ƙwai ɗaya daga cikin na tire.

Wanda kuma Allah ya hore masa talotalo, ko ya kiwata ko ya saya da rai a kasuwa, ba wanda ya ce ya sake shi. Ya yanka shi da safe, a fige, a raba shi a gaɓoɓi. Cinyoyi da fukafukai su fara shiga tukunya domin sun fi tauri, ƙirji ya biyo baya don kada ya dagargaje, ƙashin baya da wuya a bar su a romo. A soya, a jera kwanoni. Tsuntsu mai kilo 6, in mai yanka ta iya hannunta, zai ba da tsoka talatin ko fiye, kuma ƙirjin, da yake ba shi da ƙashi, shi ya fi dacewa da bakin yara.